Yadda Za Ka Samu Python, Ka Girka Shi, Ka Koye Shi Daga Ƙauye Ba Tare da Ka Ƙarar da Data Ba

Fayil ɗin da ake girka Python da shi a kwamfuta bai wuce MB 30 ba. Ka sauke shi sau ɗaya, shi ke nan, ba zai sake tambayarka intanet ba, ko kana Garki, ko Kiyawa, ko wani ƙauye a bayan Tudun Wada inda sai an hau tudu ake samun sabis. Na fara da wannan ne saboda yawancin samari da 'yan matan da ke sha'awar koyon rubuta manhaja a karkara sun ɗauka sai mai wuta dare da rana da data marar yankewa. Aikin ba haka yake ba. Data ta yini ɗaya ce, sauran kuwa zama ne da rubutu da hannunka.

Python harshe ne da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya ƙirƙiro shi, ya fitar da shi a 1991, kuma tun 2001 wata gidauniya mai suna Python Software Foundation ce ke riƙe da amanarsa. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: rubutun da aka gina ta da shi yana nan a fili a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa na iya karantawa, kuma lasisinta ya yarje maka ka kwafa, ka raba wa mutane, ka gyara, har ka yi sana'a da ita. Mutanenmu na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, shi ya sa wasu ke zargin duk abin da aka ce kyauta ne. Wannan kyautar ta gaske ce, ba ta sata ba. Saboda haka duk mai shagon da ya ce maka sai ka biya kuɗin lasisi ko na lambar buɗewa kafin ya sa maka Python, ko dai bai sani ba, ko yana so ya yi maka wayo. Ladan aikinsa da na wutarsa daban, wannan haƙƙinsa ne.

Akwai wasu harsunan buɗaɗɗu irinsa, su PHP da Ruby da Go. Na zaɓi Python ne don rubutunsa gajere ne, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, yana tafiya a waya, kuma idan ka maƙale ka fi saurin samun wanda ya san shi a Dutse ko Kano. Ka kama shi kaɗai. Mai tsalle daga wannan harshe zuwa wancan duk mako shi ne ke shekara bai iya ko ɗaya ba.

Duba abin da ke hannunka tukuna

Kafin ka taɓa intanet, ka san irin kwamfutar da za ka yi aiki da ita, domin a nan ne ake asarar data. Galibin laftof ɗin da ke yawo a hannunmu 'yan gwanjo ne daga kasuwannin Beirut Road ko Farm Centre a Kano, wasu kuma har yanzu Windows 7 ke kansu. Danna maɓallin dama na linzami a kan This PC, ko Computer idan tsohuwa ce, ka zaɓi Properties. Abu biyu kake nema: wace Windows ce, kuma 32-bit ce ko 64-bit. Rubuta su a takarda.

Idan Windows 10 ce ko 11, kowane sabon Python zai hau. Idan 8.1 ce, 3.12 ne iyakarka. Idan Windows 7 ce, kada ka wahalar da kanka da sabo, ba zai hau ba: daga 3.9 aka daina yi mata. Naka shi ne 3.8.10, wanda aka fitar a 2021, kuma yana so a ce Windows ɗin tana da Service Pack 1. An daina sabunta 3.8, amma duk abin da ke cikin wannan rubutu yana aiki a kansa daram, kuma ya isa mai koyo na tsawon watanni. Abin da za ka guje wa shi ne Python 2. An rufe babinsa a ranar 1 ga Janairu 2020, sai dai tsofaffin darussansa na nan birjik. Alamarsa mai sauƙi ce: in ka ga an rubuta `print "sannu"` babu baka biyu, darasin ya tsufa, ka wuce.

Saukewa

Wuri ɗaya ake zuwa: python.org. Ba shafin da ke cewa ka danna nan ka danna can ba, ba kuma fayil ɗin da wani ya turo a zauren WhatsApp ba. Ba sai da kwamfuta ba ma, wayarka ta isa. Buɗe burauza, shiga sashen Downloads, ka zaɓi Windows. Za ka ga jerin fitowa-fitowa. Nemi wadda ta dace da abin da ka rubuta a takarda, ka danna Windows installer mai 64-bit ko mai 32-bit. Sunan fayil ɗin zai zo kamar `python-3.12.10-amd64.exe`, ko `python-3.8.10.exe` ga tsohuwar mai 32-bit. Kada kalmar amd64 ta ruɗe ka, tana aiki ko da injin kwamfutarka na Intel ne.

A 'yan kwanakin nan shafin kan fara tallata wani abu mai suna install manager. Ga mutumin birni yana da kyau, amma shi sai ya koma intanet ya ɗebo sauran kayan bayan an girka shi. Kai cikakken fayil kake so, wanda za ka kai gida ya yi aiki shi kaɗai.

Idan sabis ɗin garinku na rarrafe ne, ka haɗa da wata tafiya: ranar kasuwar Gujungu, ko Alhamis ɗin Maigatari, ko ranar da za ka shiga hedikwatar ƙaramar hukuma. Kamfanonin waya kuma suna da datar dare mai araha, kuma da tsakar dare layi ya fi sakin jiki. Tunda ka samu sabis, kada ka tashi da fayil ɗaya. Shiga docs.python.org, sashen saukewa, ka ɗauko littafin bayanin Python gaba ɗaya, na HTML ko na EPUB wanda ake karantawa a waya. Sannan ka leƙa thonny.org ka sauke Thonny. Wata ƙaramar manhaja ce ta masu koyo da aka yi a Jami'ar Tartu ta ƙasar Istoniya, tana zuwa da nata Python a ciki, kuma tana nuna maka yadda umarninka ke gudana layi bayan layi. Ajiye ta a matsayin madadi ko da girkin farko ya ƙi.

Daga waya zuwa kwamfuta, igiyar caji mai ɗaukar fayil ta wadatar. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu shi ne abin tsoro, don da wuya ka same shi babu bairos ɗin nan mai mayar da folda gajerar hanya. In dole sai ta filashi, to da fayil ya isa, danna dama a kansa, Properties, sannan Digital Signatures. Ya kamata ka ga sunan Python Software Foundation. In babu, goge shi.

In kuwa a shago za a sauke maka, ka faɗi abin da kake so dalla-dalla: "Malam, don Allah python.org za ka shigar min, 3.8.10 mai 32-bit nake so, ka sa min a wayata." Zai iya cewa, "Ai akwai sabo, ɗan'uwa, me za ka yi da tsoho?" Ka gode masa, ka ce kwamfutarka Windows 7 ce.

Girkawa, da akwatin da kowa ke mantawa

Danna fayil ɗin sau biyu. Taga za ta buɗe da babban rubutu Install Now. Dakata, kada ka danna tukuna. Can ƙasa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Add python.exe to PATH, a tsofaffin kuma Add Python 3.8 to PATH. Sa masa alama. Shi ne ke sanar da Windows inda Python yake zaune, ta yadda duk inda ka kira shi zai amsa. Rabin koke-koken "na girka amma ya ƙi" daga wannan akwatin suke. Bayan nan sai Install Now. 'Yan mintuna ne, amma ka tabbata batir na da caji, ko janareto ba ya shirin ɗaukewa.

Da ya gama, gwada shi. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `cmd`, ka danna Enter. A baƙar tagar da ta fito rubuta:

```
python --version
```

In ta amsa da Python 3 da wasu lambobi, an gama. In ta ce ba ta san kalmar ba, ko ta buɗe maka kantin Microsoft Store, to akwatin nan ne aka tsallake. Gwada `py --version`, sau da yawa wannan kan amsa. Gyaran dindindin shi ne ka sake danna fayil ɗin girkawa, ka zaɓi Modify, ka ci gaba zuwa shafi na biyu, ka sa alama a Add Python to environment variables.

Wanda ba shi da kwamfuta

Wayar Android ta isa a fara. Hanya mafi sauƙi ita ce Pydroid 3 daga Play Store: ka sauke, ka buɗe, ka rubuta, ka danna maɓallin kunnawa da ke ƙasa. Tana aiki babu data. Gaskiyar magana ita kanta Pydroid ba buɗaɗɗiya ba ce, tana da talla da sashen biya, amma Python ɗin da ke cikinta na ainihi ne, kuma na kyautar ya ishe ka.

Hanya ta biyu ita ce Termux, wadda buɗaɗɗiya ce. An fi ɗauko ta daga F-Droid, wani kanti irin Play Store amma na buɗaɗɗun manhajoji, kuma tana son Android 7 zuwa sama. Baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta `pkg update`, sannan `pkg install python`. Ta fi Pydroid cin data da wurin ajiya nesa ba kusa ba, don haka sai a datar dare, kuma wayar da kullum ke kukan ta cika ba za ta ɗauka ba. Shawarata ka fara da Pydroid, ka bar Termux sai hannunka ya faɗa.

Babbar matsalar waya kibod ne. Yana son ya gyara maka rubutu, yana mayar da harafin farko babba, sai `print` ya koma `Print`, Python kuwa bai san wannan ba. Shiga saitin kibod ka kashe gyaran kai-tsaye da babban harafin farko. In da hali, sayi ɗan kan OTG, mai haɗa waya da kayan USB, da kibod na kwamfuta ɗan gwanjo, ka jona, ka jingina wayar da bango. Aikin zai sauya gaba ɗaya.

Zaman farko

A kwamfuta, nemi IDLE, manhajar da ake rubuta Python a cikinta, a cikin Start, tare suka zo da Python. Za ka ga alamar `>>>` tana jiranka. Duk abin da ka rubuta a gabanta, nan take za ta amsa. Fara da lissafin da ka riga ka san amsarsa. A ce buhu na cin tiya 40, kai kuma ka auna tiya 130 ta gero:

```
>>> 130 // 40
3
>>> 130 % 40
10
```

Buhu uku ke nan da ragowar tiya goma. Sanda biyu na ba ka cikakken rabo, alamar kaso kuma na ba ka abin da ya saura. Tauraro shi ne sau, sanda ɗaya kuma rabawa ta yau da kullum.

Wannan wurin na gwaji ne, da ka rufe komai ya tafi. Don abin da zai zauna, danna File, New File, ka rubuta wannan, da farashin da na ƙaga don misali kawai:

```
buhu = 12
farashi = 45000
dako = 500
riba = buhu * (farashi - dako)
print("Abin da zai shigo hannu:", riba)
```

Adana shi da suna `ciniki.py`, ka danna F5. Zai buga 534000. Abin da ya faru shi ne ka liƙa wa kowace lamba suna, sannan ka yi lissafi da sunayen. Gobe in farashi ya motsa a Dawanau, layi ɗaya za ka canza. Sunayen kuma naka ne, da Hausa za ka sa su. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, `kuɗi = 500` daidai ne a wurinsa. Kalmominsa na kansa ne kaɗai ba a taɓawa, irin su `if` da `for` da `while` da `def`, kuma duka-duka ba su kai 40 ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba kada ya karaya da wannan.

Ka yi folda guda ta aikinka, kuma kada ka sa wa fayil suna `random.py` ko `turtle.py` ko `math.py`. Sunayen kayan Python ne na cikin gida, in ka ɗauka sai ya rikice ya riƙa kiran naka a maimakon nasa.

Sa shi ya yanke hukunci

Inda abin ke fara daɗi shi ne lokacin da manhaja ta duba hali ta zaɓi hanya. Zakkar amfanin gona misali ce da kowa ya taso yana ji: nisabi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuma ɗaya cikin ashirin.

```
awo = float(input("Sa'i nawa aka samu? "))
ruwa = input("Ruwan sama ko inji? Rubuta sama ko inji: ")

if awo < 300:
    print("Bai kai nisabi ba")
elif ruwa == "sama":
    print("Zakka sa'i", awo / 10)
else:
    print("Zakka sa'i", awo / 20)
```

Kwafe shi da hannu, harafi bayan harafi, sannan ka lura da abubuwa huɗu, don su ne za su yi ta kama ka a watan farko.

Na ɗaya, ɗigo biyun da ke ƙarshen layin `if` da `elif` da `else`. In ka manta su, ba zai tashi ba. Na biyu, tazarar da ke gaban `print`. Ba ado ba ce. Da ita Python ke gane cewa wannan layin a ƙarƙashin wancan sharaɗin yake. Tazara huɗu ake bari, kuma IDLE kan sa maka da kansa bayan ɗigo biyu. Na uku, `=` guda ɗaya liƙa suna ne, `==` guda biyu kuma tambaya ce, shin wannan daidai yake da wancan. Na huɗu shi ne `float` ɗin nan da ya rungume `input`. Duk abin da mutum ya buga, Python rubutu yake ɗaukarsa, ko da lamba ce. Je ka gwada `"5" * 3` a gaban `>>>`, za ka ga ya ba ka 555 maimakon 15. `float` ko `int` ne ke mayar da rubutun lamba.

Yanzu ka ɓata shi da gangan. Da ya tambaye ka ruwa, rubuta Sama da babban harafi. Zai ba ka ɗaya cikin ashirin, ba tare da ya yi ƙorafin komai ba, alhali amsar kuskure ce. Irin wannan ya fi jan rubutun da Python ke fitarwa in ya ga kuskure haɗari, don shiru yake yi. Maganinsa ka ƙara `.strip().lower()` a ƙarshen layi na biyu, ya share tazarar da ta maƙale, ya mayar da haruffa ƙanana. Sannan ka tambayi kanka: in wani ya rubuta rijiya fa? Gyara shi ya ce bai gane ba. Batun gonar da ta sha ruwan sama rabi, inji rabi, ko ta masu noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Tiga ke gangaro musu ta kwata, wannan na malamai ne. Ka tambayo, in an ba ka hukunci sai ka ƙara wani `elif`.

Maimaici da jeri

Nemi littafin adashen gidanku. "Inna, ara min littafin zubin nan na yini ɗaya, zan gwada wani abu," ya isa, in dai ka yi alkawarin ba za ka yaɗa sirrin kowa ba.

```
zubi = 2000
mata = ["Inna", "Gwaggo", "Yaya", "Uwargida", "Amarya"]
kwasa = zubi * len(mata)
mako = 1
for mace in mata:
    print("Mako na", mako, mace, "za ta kwashi", kwasa)
    mako = mako + 1
```

Layuka biyar zai buga, kowace da makonta da 10000 ɗinta. Ƙara suna na shida a jerin, ka ga yadda kwasa ta canza da kanta. Daga nan ka ɗora wa kanka aiki: a cire kuɗin uwar adashe, a nuna wadda ba ta yi zubi ba, a yi wa mai hannu biyu lissafinta. Kowanne zai tilasta maka buɗe littafin bayanin da ka sauke, kuma abin da ka nemo don buƙata ya fi zama a kai. In wata rana manhajarka ta kama maimaici ta ƙi tsayawa, Ctrl da C ne birkinta.

Tarkunan da Bahaushe kaɗai ke faɗawa

Darussan waje ba za su gaya maka waɗannan ba. Python na yarda a kewaye rubutu da ɗigon zance guda ko biyu, amma mu rubutunmu cike yake da 'ya da 'yan da sa'i da ma'aji. In ka rubuta `print('kuɗin 'yan adashe')`, zai ɗauka zancen ya ƙare a gaban y, sai ya jefo maka SyntaxError. Ka saba da masu biyu koyaushe: `print("kuɗin 'yan adashe")`.

Na biyu yana fitowa ranar da ka fara adana bayani a fayil, misali littafin bashin shago:

```
with open("bashi.txt", "a", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Ɗanladi ya karɓi tiya 3\n")
```

Cire `encoding="utf-8"` a Windows ka gani: yana isowa kan Ɗ zai tsaya da UnicodeEncodeError, don tsarin haruffan da Windows ke ɗauka da kanta bai san ƙugiyoyinmu ba. Ka sa shi duk lokacin da za ka buɗe fayil, ko don rubutu ko don karatu. Harafin `"a"` kuma na nufin a ƙara a ƙasa. In ka sa `"w"`, zai share duk abin da ke ciki ya fara sabo, bashin shekara guda ya tafi.

Na uku, rubutun da aka kwafo daga WhatsApp ko Word kan zo da lanƙwasassun ɗigon zance, ko tazarar gaba ta zube a hanya. A ido lafiya lau, a wurin Python shara. Wani dalilin ke nan na bugawa da hannu.

Jan rubutu

In manhaja ta faɗi, jan rubutu kan cika fuska, mai koyo kuma ya firgita ya rufe. Fara karantawa daga layin ƙarshe, shi ke faɗin irin matsalar, na samansa kuma ya ba ka lambar layin. NameError na nufin ka kira sunan da bai sani ba, galibi kuskuren harafi ne, ka rubuta `farashi` a sama `farshi` a ƙasa. IndentationError tazara ce. TypeError ka haɗa rubutu da lamba. SyntaxError ka manta baka, ko ɗigo biyu, ko ɗigon zance, kuma wani lokacin laifin na layin da ke sama da wanda aka nuna ne. Ware shafi a littafinka, duk kuskuren da ka ci karo da shi ka rubuta shi da maganinsa da Hausarka.

Tsarin koyo inda wuta ba ta da tabbas

Bidiyo shi ne ke cinye data, kuma shi ne ke yaudara. Mutum ya kalli awa uku yana gyaɗa kai, a ba shi kibod ya rasa ta inda zai fara. Gani ba ci ba ne. In za ka kalla, sauke guda ɗaya da dare, ka tsayar da shi a kowane misali, ka buga, ka canza lambobin, sannan ka ci gaba. A cikin littafin bayanin da ka sauke akwai sashen Tutorial, babi na 3 zuwa na 5 sun ƙunshi lissafi, rubutu, sharaɗi, maimaici, jeri da `def`, wato yadda ake naɗe aiki a ba shi suna don a riƙa kiransa. A gaban `>>>` kuma `help(len)` ko `help(print)` na kawo bayani babu intanet.

Rashin wuta ba ya tsayar da karatu. Yi yadda ake yi a makarantar allo: rubuta a takarda, bi shi da baki layi-layi kana faɗin abin da kowane suna ke riƙe da shi, rufe takardar ka sake rubutawa da ka. Lokacin da laftof ta dawo daga wurin mai caji, ko rana ta buɗe sola ta kawo, sai ka buga ka ga ko hasashenka ya yi daidai. Awa ɗayan batir ta fi albarka a hannun wanda ya zo da rubutunsa a shirye. Rage hasken fuska, kashe Wi-Fi, ka riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, musamman in batirin ya mutu kana kan janareto kai-tsaye. Kwafin foldarka kuma ya kasance a waya ko a katin memori. Da hunturu ka rufe kwamfutar da zane saboda ƙura, da bazara kada ka ɗora ta a katifa ta toshe mata iska.

Rabin awa kullum ya fi yini guda a mako. Bi su a jere: lissafi da sunaye, sharaɗi, maimaici, jeri, `def`, sannan fayil. In akwai yara a gida, nuna musu `import turtle` a kwamfuta, su sa ɗan kunkurun ya zana murabba'i da `forward` da `right`. Koya wa ƙaninka na tona maka inda kai ma ba ka gane ba.

Ƙarin kaya da neman taimako

Wata rana za ka buƙaci abin da bai zo da Python ba, misali `openpyxl` mai karanta fayilolin Excel, wanda zai yi wa malamin makaranta amfani wurin haɗa sakamakon jarrabawa. `pip` ne mai ɗauko wa Python ƙarin kaya. Da intanet, `pip install openpyxl` a baƙar taga ya gama. In kwamfutar gida ba ta samun sabis, je inda ake samu da wata kwamfutar mai Python ka rubuta:

```
pip download openpyxl -d kaya
```

Zai tara komai a folda mai suna kaya. Kawo ta gida, ka buɗe baƙar taga a inda ka ajiye ta:

```
pip install --no-index --find-links kaya openpyxl
```

Ga manyan kaya irin su `numpy` da `pandas`, sai kwamfutocin biyu sun yi daidai a lambar Python da kuma 32 ko 64-bit, in ba haka ba abin da ka ɗauko ba zai hau ba.

Mutane kuma suna kusa fiye da yadda ake zato. Akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da ta Wudil, da cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, kuma da yawansu 'yan ƙauyukanmu ne da ke dawowa hutu. Arewa Data Science Academy na koyar da Python ga matasan Arewa ta intanet, shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani da aka ƙaddamar a 2023 shi ma yana da ɓangaren rubuta manhaja. Ka riƙa bibiyar lokacin da suke buɗe rajista a shafukansu na ainihi.

In za ka tambayi wani, kada ka aika da "Yaya, abin nan ya ƙi." Bayan gaisuwa, tura masa abu huɗu: lambar Python ɗinka da irin na'urar, rubutun manhajar gaba ɗaya, layukan ƙarshe na jan rubutun, da abin da ka so ta yi. In ta WhatsApp ne, tura fayil ɗin `.py` kansa ko hoton allon na'urar mai kyau, don tazarar gaban layuka ta isa gare shi yadda take.